Mama na shan magani goma, tana ruɗewa tana faɗuwa: tsufa ne ko maganin ne?

Wata 'yar'uwa ta turo min tambaya, bari in taƙaita ta kafin in amsa. Mahaifiyarta shekararta 78, tana da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Abin da take sha kullum: amlodifin, lisinofiril, furosemid wato Lasix, gilibenkilamaid wato Daonil, metfomin, daiklofenak, omefirazol, ƙaramin asfirin, amitiriftalin da dare, sai Piriton idan barci ya ƙi zuwa. Wata uku kenan Mama ta fara ruɗewa, wani lokacin da sassafe a same ta tana gumi ba ta gane mutane sosai, sau biyu ta faɗi a hanyar banɗaki, bakinta na bushewa, bayan gida ya yi tauri. Kowa ya ce tsufa ne a yi haƙuri. Ita kuma tana tambaya ko maganin ne, kuma ko ta dakatar da su duka ta gani.

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Mama lafiya. Ni likita ne kuma yawancin waɗanda nake dubawa dattawa ne, to gaskiya da na karanta jerin nan sai da na ajiye wayar na sake ɗauka. Eh, zai iya zama maganin ne, kuma ina da zargi mai ƙarfi a kan guda biyar daga cikin goman. Amma a'a, kar ki dakatar da su duka lokaci ɗaya, akwai waɗanda in aka yanke su farat ɗaya sai abin ya fi da muni. Ban ga Mama da idona ba, ban ga gwajin jininta ba, don haka abin da zan faɗa miki shi ne abin da za ki shiga da shi wajen likitan da zai taɓa ta da hannunsa.

Zan fara da wanda ba ya jira, Daonil. Gumin sassafen nan da rashin gane mutane, har sai an tabbatar min da wani abu daban, ni faɗuwar suga nake gani. Gilibenkilamaid yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma yana daɗewa a jiki, ragowarsa ƙoda ce ke fitarwa, to in ƙodar ta yi rauni sai ya taru, dattijuwa ta ci abincin dare kaɗan ta kwanta, cikin dare suga ya yi ƙasa ba wanda ya sani. Matashi in sugansa ya faɗi zai ji yunwa da karkarwa da bugun zuciya ya tashi ya nemi abin ci, amma dattijo sau da yawa waɗannan alamun gargaɗin sun dushe masa, abin da za a gani kawai shi ne ruɗewa ko jiri ko magana ba kan gado, sai a ce ai tsufa ne ko mantuwa ta kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa wannan maganin bai dace da wanda ya haura 60 ba, ta sa gilikilazaid a gurbinsa. Don haka ki samu abin awon suga na yatsa, ki auna ta da sassafe kafin ta ci komai da kuma duk lokacin da kika ga ta rikice. In kin ga ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 in na'urarki mai ɗayan ma'aunin ce, ki ba ta sukari a ruwa in tana iya haɗiya, ki sake aunawa bayan minti 15, ta ci abinci, kar a ba ta ƙwaya ta gaba, kuma a kai ta asibiti ranar ko da ta warware, domin faɗuwar sugan da wannan maganin ke kawowa tana iya dawowa bayan awanni, wani lokacin har kwana biyu ana fama. In ba ta cikin hayyacinta kar a ɗura mata komai a baki, a wuce sashen gaggawa kawai.

Kuma a sani, ma'aunin sugan da ake nema wa ɗan shekara 45 ba shi ake nema wa 'yar 78 mai faɗuwa ba. Gwajin nan na HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, ga dattijo mai rauni da cututtuka da yawa, in yana ƙasa da 8 ya wadatar. Amfanin matse suga sosai sai bayan shekaru masu yawa ake ganinsa, illar faɗuwarsa kuwa yau da dare ce. Garin neman gira kar a rasa ido.

To me ya sa maganin da ta shekara goma tana sha lafiya lau yanzu zai juya mata? Wannan ita ce tambayar da iyalai suka fi yi min, wai ai ba sabon magani ba ne. Maganin bai canza ba, jikin ne ya canza. Daga wajen shekara 40 ƙarfin tace jini na ƙoda yana raguwa a hankali, a matsakaici kusan maki ɗaya duk shekara, har mutum ya kai tamanin ya rasa kaso mai yawa ba tare da yana da "ciwon ƙoda" ba. Abin da ke yaudarar mu har mu likitoci shi ne kiriyatinin, lambar da ake dubawa a takardar gwaji, daga tsoka yake fitowa, tsohuwa kuma siririya tsokarta ta zube, sai lambar ta fito kamar lafiya ƙalau alhali ƙodar rabin aiki take yi. Shi ya sa ake lissafi da shekaru da nauyi, ko a duba eGFR, wato lambar da ke ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda, ba a tsaya ga kiriyatinin kaɗai ba. Hanta ma tana ƙanƙancewa jinin da ke ratsa ta ya ragu. Ruwan jiki yana raguwa kitse ya ƙaru ko da mutum bai yi ƙiba ba, to maganin da ke narkewa a ruwa sai ya yi kauri a jini, wanda ke shiga kitse irin su dayazifam wato Valium sai ya samu wurin ɓuya, a matashi kamar kwana ɗaya rabinsa ya fita, a ɗan tamanin sai ya kai kwana uku zuwa huɗu, kin ga in ana sha kullum yana hawa kan juna ne kawai. Ga ƙwaƙwalwa ta fi jin magani, ga kuma abin da ke riƙe hawan jini in mutum ya miƙe tsaye ya yi sanyi. Ƙari a kan haka yawancin gwaje-gwajen da aka yi kafin a fitar da magungunan nan ba a sa masu shekara tamanin da cuta huɗu-biyar a ciki ba, kowane magani an gwada shi kusan shi kaɗai, ba wanda ya taɓa gwada waɗannan goman tare sai jikin Mama.

Na biyu daiklofenak. Wannan da 'yan gidansu, ibufurofen da firoksikam da indometasin, suna kashe ciwon gwiwa kam ba ƙarya, amma shan su kullum ga dattijo ciniki ne mai tsada. Suna cin bangon ciki su kawo olsa da zubar jini, kuma a tsofaffi sau da yawa ba ciwon ciki sai dai a ga bayan gida baƙi kamar kwalta ko mutum ya yi fari fat yana haki, ballantana an haɗa da asfirin kamar yadda Mama ke yi. Suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, ƙafa ta kumbura hawan jini ya ƙaru sai a ƙara maganin hawan jini. Sannan babban abin, haɗuwar daiklofenak da lisinofiril da Lasix a jiki ɗaya sananniyar haɗuwa ce da muke tsoro: Lasix ya rage ruwan jiki, daiklofenak ya matse jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda, lisinofiril ya saki wadda ke fitar da shi, matsin da ƙoda ke tacewa da shi ya faɗi ta kowane ɓangare. Ranar da gudawa ko amai ko zazzaɓi ya zo ta kasa shan ruwa, ƙodar na iya tsayawa cikin kwana biyu-uku. Kuma ki lura yadda abin ke komawa baya, ƙoda ta yi rauni, Daonil da metfomin su taru, suga ya faɗi, ta ruɗe, ta faɗi. Daiklofenak ba ya buƙatar a rage shi a hankali, za ki iya ajiye shi yau. Farasitamol a kan lokaci, kar ya wuce giram 3 a rana ga dattijuwa mai rauni, in ma nauyinta bai kai kilo 50 ba likita zai rage ƙasa da haka, da irin na shafawa a gwiwa wanda kaɗan ne ke shiga jini, da motsa jiki don ƙarfafa tsokar cinya, da sanda. Ba za su kashe ciwon kamar daiklofenak ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ƙodarta ta fi.

Yanzu Lasix. Tambayar da nake so ki yi wa duk wanda ya san tarihin maganin Mama ita ce, yaushe aka fara shi kuma saboda me? In an taɓa cewa zuciyarta ta yi rauni, an yi hoton zuciya an gani, tana haki in ta kwanta, to yana da dalili kuma kar a taɓa shi sai da likita. Amma in labarin shi ne an fara amlodifin, bayan wata ɗaya ko biyu ƙafa ta kumbura, aka rubuta Lasix, to kin kama zaren. Kumburin ƙafa sananniyar illar amlodifin ce musamman a miligiram 10, kuma ba yawan ruwa ne a jiki ba, jijiyoyin ƙafa ne suka buɗe ruwa ya tsiyaya cikin nama, Lasix ba ya warkar da shi sosai, sai dai ya tsotse ruwan jiki ya zubar da fotasiyam da sodiyam ya sa ta yawan fitsari tana sauri zuwa banɗaki da jiri. A ina Mama ta faɗi? Hanyar banɗaki. Wasu likitoci biyu, Paula Rochon da Jerry Gurwitz, sun yi wa wannan abin suna tun 1995, ma'anarsa magani ya haifi magani: illar magani na farko a ɗauke ta sabuwar cuta a rubuta na biyu, illar na biyu ta kawo na uku. Misalansa suna da yawa. Lisinofiril ya kawo busasshen tari a yi ta ba da sirof da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Metokulofiramaid na amai ya kawo karkarwa da taurin jiki a ce cutar Fakinsin ce a fara maganinta. Maganin hawan jini mai sa fitsari ya tayar da ciwon gaɓa na gawut a ba da daiklofenak. Lasix ya kawo kasa riƙe fitsari a ba da oksibutinin shi kuma ya kawo ruɗewa.

Ba ina faɗar wannan daga sama ba ne, ni ma na taɓa yi. A farkon aikina wani dattijo ya zo da kumburin ƙafa, layi ya yi tsawo a waje, na danna ƙafar na rubuta Lasix ban buɗe shafin baya na fayil ɗinsa ba, bayan sati uku aka dawo da shi da jiri ya kasa tsayawa, wata babbar nas ce ta nuna min cewa an ninka masa amlodifin wata biyu kafin nan. Na rage amlodifin na cire Lasix kumburin ya sauka da kansa. Tun daga ranar duk sabon abu da ya ɓullo wa tsoho, tambayata ta farko ita ce wane magani aka fara ko aka ƙara kwanan nan, ruwa ba ya tsami banza.

Sai amitiriftalin da Piriton, na haɗa su don aikin ɓarnarsu iri ɗaya ne. Dukansu suna toshe wani sinadari da ake kira asetilkolin, shi ne ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen tuna abu da natsuwa, shi ne kuma ke sa yawu ya fito hanji ya motsa mafitsara ta matse. Ki sake duba abin da kika rubuto min, baki na bushewa, bayan gida ya yi tauri, ruɗewa, kamar daga littafi aka kwafo. A maza masu kumburin firostet har fitsari ke tsayawa cak a kai su asibiti a sa roba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne nauyin yana taruwa, wannan kaɗan wancan kaɗan, Piriton da maganin mura mai sa barci da firometazin da maganin murɗar ciki da na riƙe fitsari, kowanne shi kaɗai kamar ba komai amma a haɗe sai su rufe ƙwaƙwalwar dattijo kamar hazo. Amitiriftalin kuma yana ƙara sauke hawan jini in an miƙe yana iya taɓa bugun zuciya. Piriton ki daina ba ta don barci, daga yau. Amitiriftalin kuwa a bincika dalilinsa, in don zafin jijiyoyin ƙafa na masu suga ne akwai wasu hanyoyin, in don barci ne kawai to gaskiya ban ga hujjarsa ba, amma shi a hankali ake sauke shi cikin makonni.

Ina roƙonki kuma kar a maye gurbinsu da Valium ko 'yan uwansa. Magungunan barcin nan duka suna ƙara faɗuwa da karayar ƙugu, kuma karayar ƙugu ga mai shekara kusan tamanin ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba sa komawa tafiya kamar da. Barcin tsufa dama yakan zama gajere mai yankewa, awa shida da farkawa sau biyu ba cuta ba ce. Haka in ruɗewar ta zo da faɗa ko surutai da dare, akwai saurin rubuta magungunan taɓin hankali irin su haloferidol ko risferidon don a samu shiru a gida. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan irin waɗannan ga tsofaffi masu cutar mantuwa a 2005, ta faɗaɗa shi zuwa tsofaffin magunguna irinsu a 2008, saboda suna ƙara haɗarin mutuwa. Akwai lokacin da ba makawa, in mutum zai ji wa kansa ko wani rauni, amma sai bayan an nemi dalili, ciwo ne ko fitsari ya tsaya ko bayan gida ko zazzaɓi ko magani.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Asfirin, in ta taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko an sa mata ƙarfe a jijiyar zuciya to ta ci gaba, yana da amfani sosai. In kuwa don rigakafi kawai aka ba ta, wani babban bincike mai suna ASPREE da aka buga 2018, mutum sama da 19,000 yawancinsu 70 zuwa sama a Ostireliya da Amurka, an bi su kusan shekara biyar, ya nuna bai ƙara musu shekarun lafiya ba sai dai ya ƙara zubar jini mai tsanani. Omefirazol ina zaton don kare ciki daga daiklofenak da asfirin aka sa shi, in an cire su biyun shi ma a sake duba shi, in asfirin ya zauna to a shekarunta barin sa yana da ma'ana. Metfomin magani ne mai kyau ina son sa, sharaɗinsa ƙoda, a rage shi in eGFR ya sauka ƙasa da 45 a tsayar in ya sauka ƙasa da 30. Shi da omefirazol dukansu suna rage bitamin B12 in an daɗe ana sha, ƙarancinsa kuma yana kawo mantuwa da dindiris a ƙafa da tangaɗi, don haka a auna.

Ba ra'ayina kawai nake faɗa miki ba. Wani likitan tsofaffi a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a guje wa dattawa a 1991, yanzu ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar ce ke sabunta shi, ta sabunta shi a 2023, an yi shi ne don masu 65 zuwa sama, kuma gilibenkilamaid da amitiriftalin da Piriton da Valium da shan daiklofenak na dogon lokaci duk suna ciki. A Ayalan kuma, a jami'ar Kok, an fitar da wani mai suna STOPP da START a 2008, wannan ni ya fi burge ni domin ɓangare biyu ne, abin da ya kamata a tsayar da kuma abin da ya kamata a fara amma an manta. Domin kuskuren ba a yawa kaɗai yake ba, za ki ga tsohuwa da ƙwaya goma sha biyu amma ta taɓa karaya ba a ba ta maganin ƙarfafa ƙashi ba, ko bugun zuciyarta ya rikice ba a ba ta mai tsinka jini ba. Jerin nan kuma ba haramci ba ne, cewa suke a tsaya a yi tunani, wani lokacin likita na da dalili mai kyau. Sannan wani bincike a Amurka da aka buga 2011 ya gano cewa kusan biyu bisa uku na dattawan da aka kwantar da gaggawa saboda illar magani, abu huɗu ne suka kai su, wafarin mai tsinka jini da insulin da irin su asfirin da ƙwayoyin suga, wato magungunan da ake buƙata ne amma ba a sa musu ido ba. Mai shan wafarin a ba shi Septrin ko Flagyl ba a auna jininsa ba, ai shi ke nan.

Yadda goman nan ke taruwa kuwa ba sai an samu mugun likita ba. Na zuciya ya rubuta nasa, na suga nasa, na ƙashi nasa, an kwantar da ita sau ɗaya an sallame ta da sababbi uku ba a ce ta bar tsofaffin ba, wani na sati biyu ne amma aka yi ta sabunta shi shekara uku, kowa kuma yana jin nauyin cire abin da wani ya rubuta. Ga wanda aka saya ba takarda, ga wanda 'yar'uwa ta ce ya yi mata aiki, ga magani ɗaya mai suna biyu a kwali daban-daban ana shan duka biyun.

To ga abin da za ki yi cikin satin nan, kar ki jira ranar da aka rubuta a kati. Ki tattara duk abin da ke shiga bakin Mama a jaka ɗaya da kwalayensu, har na ganye da na ƙarin kuzari da ɗigon ido da na shafawa da wanda take ɓoyewa ƙarƙashin filo, ki kai wa likita ɗaya da zai riƙe ragamar duka, in akwai mai harhaɗa magunguna ya zauna da ku ya fi. Ki faɗi yadda take sha da gaske ba yadda aka rubuta ba. Ki rubuta ranakun da ta faɗi da lokacin, da awon sugan da kika yi, da kusan lokacin da aka fara kowane magani. A kan kowace ƙwaya ki tambaya don me ake shan ta, dalilin yana nan har yanzu, adadin ya dace da ƙodarta, me zai faru in an bari. Ki yi tambayar cikin girmamawa ba da zargi ba, kuma kar ki ji kunya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, likitan kirki murna zai yi. Ki nemi a auna ƙoda da sodiyam da fotasiyam da yawan jini da HbA1c da B12 da maƙoƙo, a kuma auna hawan jininta a kwance sannan a tsaye bayan minti ɗaya da minti uku, in na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10 to maganin ya yi mata yawa ko da awon zaune ya yi kyau. Ki tabbata kin faɗa ko ta buga kai a faɗuwar nan, domin mai shan asfirin jini na iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai ruɗewa ta biyo bayan makonni, wannan hoton kai ne ke nuna shi kuma ana iya yin aiki a cire. Zai yiwu kuma bayan an gyara komai a tarar akwai cutar mantuwa ta gaske a ƙasa, amma ba a yanke wannan hukuncin alhali ƙwaƙwalwa na ƙarƙashin amitiriftalin da Piriton da faɗuwar suga.

Wajen ragewa, ɗaya bayan ɗaya ake yi, a fara da mafi haɗari, a bar sati biyu zuwa huɗu tsakani in ba gaggawa, don in wani abu ya canza a san wanda ya jawo. Waɗanda ba a yankewa farat ɗaya sun haɗa da amitiriftalin da sauran maganin damuwa, Valium da 'yan uwansa, firednisolon in an daɗe ana sha, maganin zuciya irin su atenolol da furofuranolol, maganin farfaɗiya, tiramadol, shi ma omefirazol ƙwannafi kan dawo da ƙarfi na 'yan makonni in an bari, ba wai olsa ce ta dawo ba. Ki tambayi likitan tun yanzu waɗanne za a ɗan dakatar ranar da Mama ke gudawa ko amai, yawanci lisinofiril da Lasix da metfomin ne, ya rubuta miki a takarda ki liƙa inda ake ajiye maganin. In kin ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko fitsari ya ragu sosai, ko barcin da ba a iya tashinta, ko baki ya karkace, ko ta sake faɗuwa ta buga kai, wannan na sashen gaggawa ne a take. Kuma ki yi haƙuri da lokaci, faɗuwar suga tana gyaruwa cikin kwanaki, amma hazon amitiriftalin da Piriton yakan ɗauki makonni kafin ya washe, don haka ki riƙe ɗan littafi kina rubuta yadda ta tashi kowace safiya, ki je da shi ranar komawa.